Gurbin da ke cikin hotunanmu

"Ni fa tasha na ce ka kai ni, ba shagon hoto ba! Umma tana can tana jirana."

"Ki yi haƙuri," in ji mijina. "Mu karɓi hotunan, sai in kai ki."

Akwatina yana cikin but ɗin motarsa. Umma ce ta yanke hukunci: idan shekara ta cika muna zaman baƙin juna, in dawo gida. Ga shi ta cika. Ina son mijina, Allah ya sani. Amma tun ranar da zazzaɓi ya ɗauke mana 'yarmu Lele, tana da shekara uku, hirarmu ba ta wuce "an kawo wuta" da "ga abincinka".

Gyaran janareta yake yi, gari-gari ake kiransa. Da gidan ya yi mana girma, sai ya fara tafiya da ni. Wata goma sha biyu muna bisa hanya: masauki mai warin fenti, garin bakin ruwa inda sauro ya yi mana rubdugu, wani kan dutse da taya ta fashe. Duk inda muka sauka sai ya miƙa wa mai wucewa waya ya ɗauke mu hoto. Ni ko ɗaya ban taɓa dubawa ba.

Mai hoton, wani dattijo mai tabarau, ya jera su a kan kanta, kowane wata ɗaya.

"Ranki ya daɗe, wa kuke bar wa wuri haka?" Ya yi dariya. "Ko gaba kuka yi ta shekara guda?"

Na sunkuya. A kowane hoto akwai gurbi tsakanina da mijina, daidai tsayuwar yaro. Hannuna na dama kuma a sauke yake, tafin a kife, kamar na dafa kan wani. A hoton farko daidai cinyata yake. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, hannun yana ta hawa. A na ƙarshe ya kusa ƙuguna.

Tsigar jikina ta tashi.

"Wallahi ban sani ba... Ban san ina yin haka ba!"

"Na sani," in ji mijina a hankali. "Dubi nawa."

Ɗan yatsansa ɗaya a miƙe yake, ya ɗan lanƙwashe, yadda Lele take riƙe shi in za su tsallaka titi.

"Tun yaushe ka lura?"

"Tun wata na uku. Me kike tsammani ya sa ba na ɗora kaya a kujerar baya?"

"Kuma ka yi shiru?"

"Tsoro nake in na faɗa ta tafi." Muryarsa ta karye. "Yau kuma in kika hau mota a tasha, ban san wa za ta bi ba..."

Kuka ya ƙwace mini. Ashe duk shekarar nan da nake ganin ya manta, shi ma ɗauke da ita yake.

Dattijon ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. "Ku shigo ciki in yi muku na rufe shekara. Amma ni ba na ɗaukar miji da mata da rami a tsakani."

Muka tsaya gaban shuɗin ƙyalle.

"Ku matso."

Na kasa. Akwai ɗumi jingine da ƙafata, ga ƙamshin man kitsonta. Na kalli mijina, idanunsa sun yi ja, ya gyaɗa mini kai.

"Je ki, 'yar albarka," na ce da ƙyar. "Ina nan tare da Abbanki."

Ɗumin ya zame, yadda take zamewa daga cinyata in ta ƙoshi. Gefen labulen ƙofa ya ɗaga daga ƙasa ya koma, alhali ko fanka ba a kunna ba.

Kafaɗata ta taɓa tasa. Ya damƙe hannuna, fitilar kyamara ta haska.

A waje wayata ta yi ta ƙara, Umma ce. Na ɗaga na ce, "Umma, ki yafe ni, ba zan zo ba." Sannan na juya na kira shi da sunan da na shekara ban furta ba.

"Abban Lele, mu je gida."

Ya buɗe but ya ɗauko akwatina, ya ajiye shi a kujerar baya.