Ƙararrawar Da Aka Buga Wa Vinka

Jirgin ya yi kuka sau uku a mashigin ruwa, na zabura daga gadon jinya.

"Jirginsu Frano ne, Mama!"

"Kwanta, Vinka! Zazzaɓin ko sakinki bai yi ba. Matuƙin jirgi miji ne? Rabin shekara yana ruwa, ke kina taga!"

Ban saurare ta ba. A garinmu Orebic, duk jirgin da ya ratsa tsakaninmu da tsibirin Korcula sai ya gaida cocin kan tudu da kuka, ƙararrawar cocin ta amsa. In ta amsa da sauri, kowa lafiya. In ta ja a hankali, ɗan jirgi ya yi rashi.

Frano ya tafi ya bar ni rai a hannun Allah.

"Hasken idona, in mun zo wucewa ta nan jirgin ba zai tsaya ba," ya ce min ranar tafiyarsa. "Amma in ƙararrawa ta ce kina raye, kwalekwale zan sauko in nemi aurenki, ko Mama za ta jefe ni!"

Na riƙe taga ina jira.

Ƙararrawar ta amsa... a hankali.

Baldo ne mai buga ta. Baldo, wanda Mama take ajiye wa ɓaure da man zaitun, take kiransa surukina tun ban amsa ba.

Na fita a guje ba takalmi har bakin ruwa.

"Frano! Ina nan! Ban mutu ba!"

Iskar yamma ta mayar min da muryata. Ina kallo jirgin ya wuce ƙarshen tsibirin, babu kwalekwalen da ya sauko.

Jirgin bai kai tashar gaba ba. Guguwa ta cinye shi da mutanensa.

Tun daga nan, duk yammacin da iska ta taso ina jin kukan jirgin a mashigin. Mama ta ce tsuntsayen teku ne. Ni na san muryarsa, kuma abin da ke cin raina shi ne Frano ya nutse yana makokina.

Da bazara Baldo ya zo da sabuwar riga, yana murza hula.

"Vinka, masoyiyata... sonki ne ya sa ni. Ki yafe min, ki aure ni."

"Amsa masa mana, 'yata!" in ji Mama.

Na dube shi har ya sunkuyar da kai.

"Wace Vinka kake nema, Baldo? Ai ta mutu. Da hannunka ka sanar da gari."