Bencin 'Yan Rakiya

Ranar wata Talata ta fara ganinsa, a kan dogon bencin da ke ƙofar sashen masu ciwon nono. A nan maza ke zama su jira matansu da iyayensu, don ɗakin jiran da ke ciki na mata ne, ko ba a rubuta ba kowa ya sani. Bencin kuwa gurgu ne, duk wanda ya zauna sai ya yi masa rawa.

Auta ta fito ne ta sha iska. Ummanta na ciki ana ƙara mata ruwan maganin cutar kansa, abin da kan ci awa uku. Tana zama a wannan gefe, wancan gefen ya ɗaga, saura kaɗan saurayin da ke can ya kifa.

"Wayyo, yi haƙuri Malam!"

"Ba laifinki ba ne," ya ce, "laifin wanda ya haɗa shi ne. Ƙafar nan ta gaza da rabin inci."

"Ka auna ne?"

"Da ido. Ni kafinta ne."

Ta yi dariya, irin wadda ta kwana biyu ba ta yi ba. Dogo ne, siriri, da garin katako a gashin girarsa. Ta tambaye shi wa ya rako. Ya dubi ƙasa ya ce, "Wani ne na gida." Ba ta ja zancen ba, don a wurin nan kowa da abin da ya dame shi.

Talatar da ta zagayo sai ga shi da guntun katako da guduma a jaka. Kafin Auta ta gama gaishe shi ya durƙusa ya ɗaure wa bencin ƙafa. Daga ranar ta raɗa masa Mai Benci, shi kuma ya ce ai ita ce 'Yar Rakiya. Ranar ya karɓi lambarta, wai ko bencin zai sake ciwo ta sanar da shi.

Auta a shagon buga takardu take aiki. Tana tsakiyar jera katunan mutane sai wayarta ta yi ƙara.

"'Yar Rakiya, yau na yanka katako ba daidai ba har sau biyu. Maigidana ya ce me nake tunani. Ban faɗa masa ba, amma ke kin sani. Ya jikin Umma?"

Ta karanta ya fi sau biyar kafin ta ba shi amsa.

"Jiki da sauƙi, Mai Benci. Ka kula da yatsunka, ina da buƙatarsu ranar Talata."

So ya shige ta ba sallama, ita da ta rantse ba ta da lokacin saurayi sai Umma ta warke. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: Talata biyar ke nan, ba ta taɓa ganin wadda yake rakowa ba.

Ta yi kuskuren faɗa wa ɗan ƙanwar Baba, wanda ke da shagon magani a bakin layinsu, kuma ya daɗe yana kai gwauro yana kai mari a kanta. Mai Kemis ya kwashe da dariya.

"Haba Auta, kamar ba 'yar boko ba? Me zai kai namiji wannan wuri in ba matarsa ba? Yana jinyar wata a ciki, yana neman madadinta a waje."

Maganar ta soke ta har zuciya. Kwana shida saƙonninsa na shigowa tana share su ba ta buɗe ba. Da ta tuna dariyar da ta yi masa sai ta ji kunya da takaici sun rufe ta.

Umma ce ta lura. Kujerar da take zama a ɗakin ƙarin ruwa tana kallon taga, tagar kuma tana kallon benci. Mai jinya kuwa ba shi da aiki sai kallo.

"Auta, yau a ciki za ki wuni? Kin bar yaron nan shi kaɗai."

"Yana da wadda yake jira, Umma."

"Wa? Shi kaɗai yake zuwa, shi kaɗai yake tafiya. Kuma ki lura da yadda yake kare ƙirjinsa na hagu in wani zai gifta." Ta rage murya. "Duk Talata akwai lamba ɗaya da nas ke kira sau uku ba a amsawa. Ni dai ban ce komai ba."

Auta ta fita. Ta zauna kusa da shi. Can sai nas ta leƙo.

"Lamba ashirin da uku! Ashirin da uku!"

Hannunsa na dama ya dunƙule har jijiyoyi suka tashi.

"Buɗe hannunka," Auta ta ce a hankali.

"'Yar Rakiya, don Allah..."

"Buɗe."

Ya buɗe. Takardar ta jiƙe da gumi, amma lambar na nan ɓaro-ɓaro.

Bai dube ta ba yake magana. Wata biyar da suka wuce ya ji ƙullutu a bayan kan nononsa na hagu, ba zafi, ya ɗauka katako ne ya buge shi. Da ya fara fitar da jini-jini a riga sai ya je ƙaramin asibiti, aka ɗebi ɗan nama aka auna, aka turo shi nan.

"Na duba a waya har idona ya gaji. Ko'ina hoton mata, ko'ina ana cewa 'yar'uwa ki duba kanki. Wa zan tambaya? Abokan aikina? Sai na zama abin dariyar shago har in mutu. Ranar farko wallahi na shiga ciki. Mata suka hau gyara mayafi, wata dattijuwa ta ce, 'Malam, maza a waje suke jira.' Ba da mugunta ta faɗa ba. Sai na fito na zauna a nan. Kullum in karɓi lamba, in ce yau zan shiga, in kasa."

Hawaye suka zubo wa Auta. Sati shida yana zaune taku goma daga magani, tana gefensa tana masa dariya, a ƙarshe ma har da zarginsa da mata.

"Tashi," ta ce. "Yau ni ce 'yar rakiyarka da gaske."

Da suka shiga, ɗakin ya yi tsit. Umma ta ɗaga hannun da ba a sa wa allura ba.

"Ku matsa masa, bayin Allah. Ɗana ne, kuma ciwonmu ɗaya."

Dattijuwar nan ta ranar farko ce ta fara tashi ta ba shi kujera, tana share ido da bakin mayafi.

Likita ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce maza ma suna kamuwa, ko da yake ba su da yawa, kuma abin da ya fi cutar da su shi ne jinkiri. Nasa ya riga ya taɓa hammata. Aka yi masa aiki aka cire nonon, bayan ya warke aka fara ƙarin ruwa. Kujerarsa na kusa da ta Umma. Ita ta koya masa abin da babu a waya: ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan saboda tashin zuciya, ya riƙa tattaka bango da yatsu yana ɗaga hannu don kada kafaɗa ta sandare. Ta ba shi ɗan matashin da take tokare hammata da shi. Ranar da gashinsa ya zube ta ce, "To, yanzu mun zama tagwaye," duk ɗakin aka yi dariya.

Auta kuwa ta zauna a shago ta tsara 'yar takarda, likita ta duba ta gyara. A sama an rubuta da manyan baƙi: MAZA MA SUNA KAMUWA. IN LAMBARKA CE, SHIGO. Ta manna ta a bango, daidai saman bencin.

Da kawun Mai Benci ya zo nema masa auren Auta wurin Baba, ya tarar Mai Kemis ya riga shi, yana ce wa Baba:

"Kawu, wai wanda za a ba Auta ciwon mata yake yi. An ma yanke masa nono. Me za mu ce wa mutane?"

Baba ya daka masa tsawa ya kore shi, amma kawun Mai Benci ma haƙuri ya ba shi, ya ce ba zai iya ba da 'yarsa ga mai jinya ba. Da yamma ya kira Auta. Tunda Umma ta kwanta bai taɓa shiga asibitin nan ba. A bakin ƙofa yake sauke su ya juya, don zuciyarsa ba ta iya ɗauka.

"Ba ruwana da surutun mutane," ya ce. "Shekara biyu ina kallon uwarki tana narkewa a gabana. Ba zan ɗauke ki da hannuna in kai ki ki zauna a wancan benci ba. Ba zan iya ba, Auta."

Ta san ba ƙarya ya yi ba. Washegari saƙo ya shigo.

"'Yar Rakiya, Baba ya fi mu gaskiya. Ko likita ba ta yi mini alkawarin shekaru ba, ni da me zan yi miki? Kin shigar da ni ɗakin nan, wannan ya ishe ni har abada. Ki yafe mini, ki manta da ni."

Ta rubuta tana kuka har ba ta ganin haruffan.

"Mai Benci, wanda ya gyara ƙafar benci bai isa ya ce wa mutum kada ya zauna ba. Ina nan."

A watan ne jikin Umma ya rikice, aka daina ƙarin ruwa aka dawo da ita gida. Wata safiya Auta na goge mata hannu da tsumma mai ɗumi, Baba na zaune a bakin gado, Umma ta buɗe ido.

"Baban Auta, in tambaye ka?"

"Ina jin ki."

"Ranar da ka zo neman aurena, da an ce maka ga yadda zan ƙare, da ka fasa?"

Baba ya kama hannunta ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka hau girgiza. Tunda aka haifi Auta ba ta taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

"To ka bar yarinya ta yi abin da kai ma za ka yi," in ji Umma.

Kwana tara bayan haka ta rasu, da hantsi, ranar Alhamis.

Gidan ya yi wa Auta faɗi. Ba ta zuwa shago, ba ta ɗaukar waya, ba ta ma san wace rana ake ciki ba. Mai Benci ya zo gaisuwa da hula a kan da babu gashi, ya zauna can baya cikin mutane, ya tafi bai nemi ganinta ba.

Bayan sati biyu, da sassafe, Baba ya tsaya a ƙofar ɗakinta da makullin mota a hannu.

"Yau ba Talata ba ce?"

"Talata ce, Baba."

"Yaron nan, wa yake raka shi?"

"Ba kowa, Baba."

"Ɗauko mayafinki."

A ranar bai juya a bakin ƙofa ba. Ya bi ta har sashen, ya tsaya ya karanta takardar da ke bango tun daga sama har ƙasa, sannan ya zauna a kan bencin. Ya ɗan jijjiga shi ya ji ko motsi. Awa uku ya yi a wurin yana kallon tagar da matarsa ta shekara biyu tana kallo ta ɗaya gefen.

Da Mai Benci ya fito yana tangaɗi, da ɗan matashin Umma a hammata, ya yi turus. Ya yi niyyar durƙusawa, Baba ya riƙe shi.

"Kai ka gyara wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Aikinka na da kyau. Ka ce wa kawunka ya dawo."

An ɗaura auren bayan wata bakwai, ba taro mai yawa. Gashin ango ya fara tsirowa, likita ta ce hoton ƙirjinsa ya yi kyau, amma akwai ƙwayar da zai sha shekaru, da awo duk bayan 'yan watanni. Matan ɗakin ƙarin ruwa suka zo su shida, da biyu daga cikin abokan aikinsa waɗanda ya faɗa wa gaskiya da bakinsa, ba kuma wanda ya yi dariya.

Da za a tafi da amarya, Baba ya zaunar da su a gabansa. Ya dubi kujerar Umma, sannan ya juyo gare su.

"Ita ta haɗa wannan aure, ni shaida kawai na yi. Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ɗana. Allah Ya sa ku ga tsufan juna. In kuma Ya rubuta wani abu daban, Allah Ya sa kada ɗayanku ya taɓa jira shi kaɗai."

Aka shafa, ana kuka ana amin.

A mota ya dube ta, idonsa jawur.

"'Yar Rakiya, ba ki tsoro?"

"Ina ji mana," ta ce, ta gyara masa ɗan matashin a ƙarƙashin bel ɗin kujera don kada ya goge masa tabo. "Amma ranar Talata ƙarfe takwas muna da awo. In an kira lambarka, tare za mu amsa."