Ɗan Ƙaramin Tumbin Reynaldo

Rigar da Reynaldo ya ajiye a kan tebur za ta iya rufe ƙaramar mota.

Budurwar da ke tsaron shagon ta ɗaga ta da hannu biyu, ta leƙo ta gefe ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai da wa za ku shiga?"

"Ni kaɗai ne."

"Bawan Allah, wannan ai har da maƙwabta." Ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta. "Ɗaga hannu."

Ya ɗaga. Ta zagayo da tef ta bayansa, hannayenta suka haɗu ba wahala, shi kuwa ya tsaya yana kallo kamar an yi masa siddabaru. Da ta faɗi lambar, sai ya ce ta sake aunawa.

"Kai ba ka san jikinka ba ne?"

"Ba mu daɗe da haɗuwa ba."

Ta yi dariya har da dafa tebur, sannan ta sauya masa rigar da wata daidai jikinsa. Sunanta Nereida Cantú, kuma kafin ya fita sai da ta karɓi lambar wayarsa, wai don in rigar ta yi masa kaɗan.

Gaskiya ya faɗa mata, ita ce ta ɗauka wasa. Fiye da shekara ke nan da likita ya ɗaura masa zoben roba a saman tumbi, ya bar masa ɗan wurin da bai fi ƙwai ba. Ciwon suga ne ya cinye ƙafar mahaifinsa kafin ya tafi da shi gaba ɗaya, da gwaji ya nuna shi ma ya kama hanya sai ya yarda aka yi aikin. Teɓar ta tafi, amma kansa bai samu labari ba. Har yanzu a karkace yake shiga ƙofa. Har yanzu sai ya girgiza kujera da hannu kafin ya zauna. In mace ta yi masa murmushi, waiwayawa yake ya ga wa ke bayansa.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Rigar ta yi maka? Neri ce."

"Ta yi. Kin tabbata ni kike nema?"

"A'a, maƙwabtan. Yaushe za ka kai ni cin abinci?"

Ya daɗe yana kallon kalmar abinci. Sai ya kai ta sinima. Bayan nan ya kai ta bakin teku, ya kai ta kallon ƙwallo, ya zagaya da ita duk garinsu na Weslaco a motarsa ta gyaran firji. In ta sayi abu ya ce ya ci, in ta miƙo lemo mai gas ya ce ba ya jin ƙishirwa. Ta sa masa suna Siriri.

"Siriri na, ko dai kana da mata a gida mai cika maka ciki kafin ka fito?"

"Ke kaɗai ce, Neri ta."

"To rowa ce?"

Sau da yawa ya so ya gaya mata gaskiya. Me zai ce? Gani yake mutumin da take so na aro ne, mai jikin na ainihi yana nan laɓe yana jiran ranar da za a kira shi.

Ana saura kwanaki Kirsimeti ta turo masa: "Mama na son ganinka. Asabar za mu naɗe tamale. Ka zo da yunwa. Ita ba ta tambayar saurayi aikinsa ko danginsa, ɓawon masarar da ya tara a faranti take dubawa."

Yana shiga kicin ɗin ya ja ya tsaya. Uwar Neri da ke tsaye gaban tukunya, Doña Ofelia ce, wadda duk Lahadi a ƙofar coci take sayar da tamale, wato ƙullun masara da nama da ake naɗewa a ɓawon masara a turara kamar alala. Shekaru ya yi yana saye a wurinta, lokacin Neri tana birnin Houston wajen gwaggonta. Gordo take kiransa, kamar yadda kowa ke kiran mai ƙiba. Kullum sai ya cika leda ya ce mata, "Na mutanen gida ne, Doña," sannan ya je ya faka ƙarƙashin bishiya ya cinye shi kaɗai a mota.

Ya gaishe ta ƙasa-ƙasa don kada murya ta tona shi. Ba ta gane shi ba.

"Wannan ne? Nereida, iska ba ta ɗaukarsa?"

A tebur akwai Gilberto, ɗan aminiyarta, wanda ta daɗe tana yi wa Neri sha'awarsa. Ɓawo ya riga ya yi tsiri a gabansa.

"Doña, ƙaro mini, ni ba tsuntsu ba ne," in ji Gilberto.

Aka cika wa Rey faranti. Ya kwance ɓawon farko, tururin ya bugi hancinsa, ya ji kamar ya yi kuka. Ya san ƙullun masara na cikin abin da zoben bai cika bari ya wuce ba sai da tauna mai yawa. Lomar farko ya tauna ta har ta zama ruwa. Ya ɗago, duk idanu na kansa. Ta biyu sai ya haɗiye da sauri.

Nan ta tsaya. Ƙirjinsa ya ɗaure kamar an cusa masa dutse, yawu ya cika masa baki. Cikin ruɗewa ya shiga kwance sauran yana zura su ƙarƙashin tebur, inda karen gidan ke kwance, yana jera ɓawon a faranti. Karen kuwa ba shi da sirri. Ya fito da tamale a baki, ya kwanta a tsakiyar kicin ya hau ci.

Rey ya tashi da gudu ya faɗa banɗaki, ƙofar kuma ba ta da kauri, kowa ya ji abin da ya biyo baya.

Da ya fito Doña Ofelia ba ta ko kalle shi ba.

"Nereida, raka baƙonki mota. Tun asuba nake tsaye a kan ƙafata. Wanda ya ba kare abincina ba zai ƙara zama a teburina ba, balle ya ɗauki 'yata."

Washegari saƙon Neri ya zo. "Ban gane ka ba, Rey. Me Mama ta yi maka? In ba ka sona ka faɗa."

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Wani saƙon nata ya sake shigowa. "Gilberto ya kawo wa Mama fure. Ni kuma na gaji da magana da bango."

Dabara ɗaya ce ta zo masa. Ya wuce asibiti wajen nas ɗin da ta saba duba shi. A ƙarƙashin fatar cikinsa akwai ɗan maɓallin da ake soka allura, a ƙara wa zoben ruwa ya matse, ko a zuƙe ya saki.

"Ki zuƙe shi duka," in ji shi.

"Amai kake yi? Ruwa ba ya wucewa?"

"Yana wucewa. Suruka zan burge ranar Lahadi."

Ta sauke tabarau ta dube shi. "Bayan Lahadin fa? Akwai wata Lahadin, akwai Kirsimeti, akwai biki, akwai suna. Da tumbi za ka zauna da su? Je ka mota ka yi tunani. In har yanzu kana so, ka dawo mu ga likita."

Ya zauna a mota bai san me yake so ba. Yana son Neri. Yana son tamalen ma, in za a faɗi gaskiya. Sai takalmin mahaifinsa ya faɗo masa a rai, ƙafa ɗaya tilo, da ya yi shekaru a bakin ƙofarsu. Ya ɗauki waya ya tura mata sunan asibitin. "Ki zo don Allah. Zan nuna miki wani abu."

Ta zo fuskarta a ɗaure. Ya kama hannunta ya ɗora ƙasan haƙarƙarinsa, ta ji abu mai tauri kamar kwabo. Ya gaya mata komai, har da bishiyar da ledar. Sannan ya ciro tsohon lasin ɗinsa na tuƙi ya miƙa mata.

Ta dubi hoton, ta dube shi, ta sake duban hoton. Sai ta ɗaka masa duka a kafaɗa.

"Wannan ne? Ni ina can ba na barci, na ce ƙwaya ce, na ce mace ce, na ce ciwon daji ne!"

"Da kin haɗu da wancan, za ki so shi?"

"Ban sani ba, Rey, ban san shi ba. Wannan na sani, kuma wawa ne." Ta share hawaye da bayan hannu. "Kada ka kuskura ka taɓa zoben nan saboda ni. Ka je ka gaya wa Mama da bakinka."

Ranar Lahadi ya bi layi a ƙofar coci. Da ya iso gaba Doña Ofelia ta kau da kai.

"Yau babu na kare."

Ya gyara murya, ya sake ta yadda take a da. "Na kaza, Doña, masu yajin nan. Na mutanen gida ne."

Hannunta ya tsaya a cikin tukunya. Ta juyo a hankali, ta matso har tana jin numfashinsa, ta kafe idonsa da kallo.

"Gordo?"

"Ni ne, Doña."

Ta zabga masa tsumman hannunta. "Ɗan banza! Har kyandir na kunna maka a cikin cocin nan, na zata mutuwa ka yi! Daga baya na ce ko wajen waccan matar ta bakin kasuwa ka koma, na ce gara ma mutuwar. Ina sauranka?"

'Yan layi suka kwashe da dariya. Ya faɗa mata zancen zoben, da na mahaifinsa, da abin da ya tsaya masa a ƙirji ranar Asabar. Ta shiga goge hannun da ba abin da ya taɓa.

"Mutanen gida," in ji ta. "Ka zata ba na hango motarka a ƙarƙashin bishiyar can? Duk Lahadi sai in ce yaron nan kashe kansa zai yi, mako mai zuwa ba zan sayar masa ba. Sai ka zo da murmushinka." Ta ja hanci. "Yanzu tumbin naka kamar yaya yake?"

Ya haɗa yatsu ya nuna mata girman ƙwai.

"Kai! To me mutum zai dafa wa wannan?"

Ita ta ba kanta amsa. An ɗaura auren bayan bikin Ista, a cocin nan dai. Wajen walima aka jera manyan tukwane, Gilberto ya share gefe guda yana tara ɓawonsa kamar ba shi aka kayar ba. Sai ga Doña Ofelia da ƙaramar tukunya ta daban, ta ajiye gaban ango. A ciki tamale ne 'yan ƙanana kamar ƙaramin yatsa, masu laushi sun sha romo, kowanne a naɗe da ɗan ɓawonsa da ta yanka da almakashi.

"Tauna a hankali, ɗana. Ba inda za mu."

Ya tauna a hankali. Da ya ajiye cokali ta leƙa farantin, ta ga 'yan ɓawon nan a jere, ta gyaɗa kai. Ta ɗora hannu a kansa, ɗaya a kan 'yarta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. Kai kuma Allah ya bar ka da ƙafafunka biyu har ka yi rawa a bikin jikokinka."

Jama'a suka amsa da amin. Neri ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

"Ka ƙoshi, Siriri na?"

Ya ɗan saurari cikinsa, don bai saba sanin amsar wannan tambayar ba.

"Na ƙoshi, Neri ta."