Wadda Na Yi Wa Sannu

Tagogin masaukin ɗalibai da aka ba mu a Hulwan, a ƙasar Masar, ba su da sakata. Mai gadi ya ce da can gidan jinyar masu tarin fuka ne, a buɗe ake barinsu don majinyata su sha iska.

Wata magariba ina ɗaki ni kaɗai, sai na ji tari a baranda, mai tsawo, mai kaki. Ni da ba na iya yi wa baƙo magana, bakina ya riga ni.

"Sannu."

Wata mata ta shigo lulluɓe da tsohon bargo, tana warin magani, riƙe da gwangwanin tofa kaki.

"Me kika ce?" ta tambaya da Larabci.

"Ma'alish, yi haƙuri, Hajja. A garinmu haka ake ce wa mai tari."

"Wa ya sa ki? Nan ba a amsa wa tari. Wadda ta amsa, ita ke karɓa."

Tana magana, amma ƙirjinta ba ya motsi. Ta ajiye gwangwanin a kan gadona, ta tsaya tana kallona. Sai da maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi ta ja dogon numfashi, ba ko gargada, ta juya ta fita.