Ɗan Tunkiyar da Aka Wanke da Sabulu

"Wa ya wanke shi?"

Inna ce ke tambaya, tana tsaye a bakin garke, hannu a ƙugu, ido jajir. A ƙasa ɗan tunkiya ne fari tas, yana rawar ɗari, sai ƙamshin sabulu yake yi. Duk sanda ya doshi nono, uwar ta sa kai ta tunkuɗe shi har ya kife.

Amarya ta ajiye tawul. Wata biyar ke nan da ta baro gidan ubanta a cikin gari ta auri Mai Lambu, ɗan Inna tilo, kuma a wata biyar ɗin nan ba ranar da ta yi abu Inna ta ce madalla.

"Ni ce, Inna. Na dawo daga rufe tiyon bishiyoyin lemo na tarar tunkiyar ta haihu, jikinsa duk yauƙi da ƙasa, shi ne na ce bari in..."

"Shi ne kika yi masa wankan zuwa biki? Ke wace irin mutum ce? Tunkiya da hanci take gane ɗanta. Kin wanke warin, kin mayar mata da shi baƙo!"

Tunkiyar nan ita kaɗai ta rage cikin dabbobin da marigayi mijin Inna ya bari, ko Mai Lambu ba ya taɓa ta sai da izinin Inna. Ana cikin haka Mai Lambu ya shigo, laka har gwiwa, fartanya a kafaɗa.

"Haba Inna, rashin sani ne."

"Kai rufa mini baki. Kai ma tun da ta zo na daina gane ka. Ka ji ni da kyau, ranar da ɗan nan ya mutu ta haɗa kayanta. Ko ni ko ita a gidan nan."

Suna shiga ɗaki Amarya ta fashe, hawaye na zuba amma ba na neman lallashi ba, na tsabar baƙin ciki.

"Ka tsaya kamar an dasa ka! Yanzu aurena ne aka ɗaure a wuyan ɗan tunkiya? Ko sori ba ta bari na ce ba."

"To me kike so in yi, in zagi uwata?" Shi ma ransa a ɓace yake. Can ya sauke murya. "Hanya ɗaya ce. A riƙe uwar da ƙarfi ya sha, sau shida a yini. In nononta ya bi cikinsa kwana uku ko huɗu, warinta zai fito a jikinsa."

"Ni zan riƙe."

"Za ta ji miki ciwo."

"Ta ji mini. Ni na ɓata, ni zan gyara, kada gobe Inna ta ce ɗanta ne ya rufa mini asiri."

Ai kuwa ta ga tasku. Tunkiya ba ta san amarya ba, shuri take yi ba ji ba gani. Inna ta kafa kujera a inuwa, ba ta sa hannu, bakin kuwa bai huta ba. Rana ta biyu tunkiyar ta watsa Amarya cikin kwamin ruwa, Inna ta ce, "To, yau ke ma an wanke ki."

Nan fa zuciya ta ɗebe ta. Ta faɗa ɗaki ta janyo jaka tana cusa kaya tana huci. Wa ma zai jira a kore shi? Sai ta hango mijin ta taga. Injin ban ruwa ya tsaya tun safe, ga shi da bokiti biyu yana jigila daga rijiya. Lemonsa na can ganye ya yi laushi, amma fangalin tumatir ɗinta yake bi ɗaya bayan ɗaya, 'yan tsirarun da ta shuka da hannunta, don kada su ƙone tana fama a garke. Ta daɗe tana kallonsa. Ta tura jakar ƙarƙashin gado da ƙafa, ta koma garke, haushin bai sake ta ba.

Da hantsin rana ta huɗu hannunta ya gaji, tunkiyar ta kuɓuce. Amarya ta runtse ido tana jiran jin faɗuwar ɗan. Shiru. Ko da ta buɗe, uwar na sansana wutsiyarsa, ta lasa, ta gyara tsayuwa ya kama nono.

Inna ta taso a hankali, ta tsaya tana kallo. Sannan ta dubi hannuwan Amarya, duk sun kumbura sun yi ɓawo.

"Dabba ma kwana huɗu ya ishe ta," in ji ta, muryar ba ƙarfi. "Ni wata biyar ina ta tunkuɗa. Miƙo hannun, 'yata, in shafa miki magani."

Mai Lambu na bakin ƙofa da bokitinsa, ya kasa shigowa ya kasa komawa. Wanda ya shigo gida baƙo, ba rana ɗaya ake gane shi ba, haƙuri ne ke mayar da shi ɗan gida. Da Amarya ta bi zuciya a rana ta biyu, da ba ta ji wannan "'yata" ba.