Injin Ruwa Ɗaya, Benaye Bakwai

Kai ma ka ga hayaƙin ran nan. Ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, ka ce "Allah ya kyauta," ka yi gaba. Mutum goma sha ɗaya suka mutu a bene mai hawa goma sha biyu. Kamfanin da ya gina shi ya ɗora laifin kan wata mai ɗinki, wai ta bar dutsen guga a kunne. 'Yarta na cikin mamatan, ita kuma tana tsare.

Wani sufeton 'yan sanda kuwa bai yi gaba ba. Ya sauka ƙasan benen, ɗakin injin da ke tura ruwan kashe gobara. Ba inji. Sai kusoshi huɗu tsaye a siminti, da jan bututu da gizo-gizo ya yi wa saƙa a baki.

"Ina injin?" ya tambayi manajan kamfanin.

"Wuta ta cinye shi, yallaɓai."

"Ta cinye ƙarfe ta bar saƙar gizo-gizo? Wannan wuta akwai kunya."

A ofishin masu duba gine-gine, ya baje takardun shaidar benaye bakwai na kamfanin. Kowace da hoton jan inji, kowane inji kuma a lotse yake a gefen hagu, wuri ɗaya.

Ya iske direban kamfanin yana wanke mota.

"Baba, sau nawa ka ɗauki injin nan?"

"Wane inji kuma?"

Sufeto ya ajiye hoton 'yar mai ɗinkin a kan motar. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Bakwai. Ana gobe masu dubawa za su zo, sai mu kai mu ɗaure. Suna sa hannu, mu kwance. A hannuna ya faɗi ya lotse. Yanzu yana sabon gini."

Can Sufeto da mutanensa suka tarar da manaja kusa da injin, yana jiran masu dubawa.

"Yallaɓai, mai kamfani ne ya ce ɗaya ya isa," in ji manaja.

"Za ka maimaita a gabansa. Bayan motarmu na ɗaukar mutum biyu."

Aka sa wa manaja ankwa.

Da la'asar aka saki mai ɗinki. Hoton 'yarta kawai ta karɓa.

Kai da ke zaune a bene, sauka yau ka sa a buɗe maka ɗakin injin. In kusoshi huɗu ka gani, kada ka tsaya a "Allah ya kyauta." Ka kai ƙara tun hayaƙi bai tashi ba.