Ɗinkin Ƙarshe

Da la'asar Kyaftin Ormsby ya yi wa sojojinsa shida jana'iza a teku, daura da garin Tobruk. An ɗinke kowanne cikin tamfol, ɗinkin ƙarshe ta hanci bisa al'ada, don a tabbatar babu sauran rai.

Tsakar dare jirginsu na yaƙi na tafe ba fitila, sai wani ya tsaya dab da kafaɗar Ormsby.

"Yallaɓai, a juya hagu. Akwai nakiya a gaba." Muryar a toshe, kamar ta mai mura.

Ormsby ya ba da umarni. Nakiyar ta gifta su da ƙyar.

"Kai, wa ya ba ka izinin barin wurin aikinka?"

"Ai kai ka sallame ni ɗazu, yallaɓai."

Wata ya leƙo. Zare na reto a hancin mutumin, yana ɗigar da ruwa.